Cokalin Bussad

A ƙauyen Tigilt babu gidan da hannun Nna Sakkura bai taɓa shiga akushinsa ba. Shekara arba'in da biyu ke nan tana murza kuskus, na biki da na suna da na sadakar mutuwa, kuma yadda take murza wannan haka take murza wancan. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta cika magana ba in tana aiki. Garin alkama ya cinye zanen yatsunta, har ranar da ta je sabunta katin shaida a Azazga sai da ma'aikacin ya danna babban yatsanta sau biyar kafin na'urar ta yarda mutum ce. Ta dawo tana ba mata labari a bakin famfo, ta ce yanzu ko sata ta yi babu mai kama ta.

A shekarar da ta cika sittin da shida, saura kwana uku a shiga Yennayer, sabuwar shekarar mutanen tudun nan, tana ɗauke da wani alkawari da ta yi ba da sanin mijinta ba. Ta ce wa Dda Wali, uban surukarta Malha, bana ba za ta kafa cokalin ɗanta Bussad ba.

In an zo cin abincin jajiberin sabuwar shekara, uwar gida ce ke kafa cokula a jikin kuskus, zagaye da akushi, ɗaya ga kowane ɗan gida. Wanda ke zaune ya zare nasa ya ci. 'Yar da ta yi aure a wani gari, da ɗan da ke Faransa ko aikin soja, nasu na nan tsaye har a ɗauke akushi. Mamaci kaɗai ba a kafa wa. Washegari kuwa, kafin rana ta ɗaga, matan da ke ɗiban ruwa sun riga sun san cokali nawa aka kafa a kowane gida.

Bussad mai gyaran firji ne. Ya bar gida shekara biyar da wata uku da suka wuce, wata bakwai bayan aurensa da Malha. Ya ce wa iyayensa ya samu aikin mako guda a bakin teku, ya ɗauki jakar kayan aikinsa don kada a yi zargi, ya bar ta a shagon wani aboki. Su goma sha huɗu suka shiga kwale-kwale mai inji daga gaɓar Dellis, sun nufi Sifen. Kiransa na ƙarshe ga Malha ne, ya ce ta gaya wa Yemma, wato uwarsa, kada ta yi fushi, zai kira daga can. A cikin goma sha huɗun babu wanda ya kira kowa.

Labarai dai sun zo. Wani ya ce suna kurkuku a Tunisiya. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana tsinkar lemo a wata gona. Ƙaninsa Lunis ya kai hotonsa duk inda aka ce a kai, an ɗebi yawun Nna Sakkura a auduga don a gwada da gawarwakin da ruwa ke turowa. Sau biyu ana kiranta a ce an samu, sau biyu ana sake kira a ce ba shi ba ne.

Malha ta zauna. Tana da shekara ashirin da biyu lokacin, babu ciki, babu goyo. Ta koyi murza a gefen surukarta har ta kusa kamo ta, su biyu suke zuwa gidajen biki, ɗaya na yayyafa ruwan gishiri ɗaya na tankaɗe. Ba ta taɓa cewa tana son tafiya ba. A bara ne Nna Sakkura ta lura yarinyar ta daina shiga ɗakin amarya in sun je aiki. Takan tsaya wurin madambaci, ta ce tana tsoron kada ruwa ya ƙone.

Dda Wali ya zo ne a tsakiyar tsinkar zaitun, ya same ta ita kaɗai a ƙarƙashin bishiya tana tsince ganye daga cikin taru. Tsohon direban bas ne, ba ya iya kewaye-kewaye. Ya ce akwai wani mai gidan burodi a Azazga, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, ya aiko sau biyu yana neman auren Malha, kuma ba zai aiko na uku ba. Ya ce ya ga lauya, lauya ya ce shekarun da doka ke nema sun cika tuntuni, alƙali zai iya yanke cewa Bussad ya rasu, Malha ta yi takaba ta fita. Amma shi ba zai ja mijinta makaho kotu ba, mutumin da suka yi shekara hamsin suna salla a sahu ɗaya.

"Ba na son takardar alƙali ta riga maganar gidanku, Sakkura," in ji shi. "In kun kafa cokalin, na gane, zan ba mutumin haƙuri. In ba ku kafa ba, shi ma na gane. Ba sai kowa ya ce wa kowa komai ba."

Ta ci gaba da tsince ganye. Can ta ce masa ya je, ba za ta kafa ba.

Ba don Dda Wali ya iya magana ta amsa ba. Ita kanta a gefen tsayayyen cokali ta girma. Ubanta ya tafi Faransa aikin masana'anta tana da shekara uku, ya yi aike shekara biyu, daga nan shiru. Uwarta ta kafa masa cokali shekara goma sha tara. Kowace jajiberi takan zaɓi cinyar zakara ta tura gaban cokalin, yara na kallo, babu mai taɓawa, da safe a ba maƙwabta. Maza biyu sun nemi uwar, ta ce tana da miji. A shekara ta ashirin wasiƙa ta zo cewa ya mutu a wani gidan kwanan ma'aikata a Marsiliya, kuma ya yi shekara huɗu a ƙasa kafin a gano adireshin ƙauyensu. Uwar ta zauna ta yi lissafi da yatsu, ta ce ashe sau huɗu tana gayyatar mamaci cin abinci. Ba ta sake maganar ba, kuma ba ta daɗe ba. Abin da Nna Sakkura ta fi tunawa da shi ba kukan ba ne. Gashin uwarta ne, wanda baƙi ne wul a shekarar cokali na farko, ita ce kuma ta tsefe shi fari tas ranar wankan gawa.

Matsalarta ɗaya ce, mijinta. Dda Akli magini ne, rabin gidajen unguwar sama shi ya ɗora su. Ciwon suga ya ci idanunsa shekara takwas da suka wuce, tun Bussad na nan. Wayarsa na cikin aljihun alkyabbarsa kullum, cike da caji, bai taɓa yarda a canza masa lamba ba. Yakan ce da yaron ya mutu da jikinsa ya gaya masa. Kuma tun da ya makance ya ƙirƙiro al'adarsa: in an ajiye akushin jajiberi, sai ya bi gefensa da hannu, ya taɓa cokula ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen masu su, ya miƙa wa na zaune nasu, ya bar na matafiya. Ba a ɓoye wa mai irin wannan hannu komai.

Sau uku ta yi niyyar gaya masa a kwana ukun nan. Na farko ta same shi a rana a bakin ƙofa, kafin ta buɗe baki ya ce a sa Lunis ya duba rufin ɗakin sama, kada Bussad ya dawo ya tarar da yoyo. Na biyu tana yi masa allurar safe, ya ce, "Tsohuwa, hannunki na rawa. Ko so kike ki gaje ni kafin shekara ta fita?" Ta ce me za ta gada, alkyabba mai warin taba? Suka yi dariya, maganar ta wuce. Na uku ba ta ko kai ga zama ba. Ta tsaya a bayansa yana sauraron rediyo, ta ga yadda wuyansa ya rame, ta koma kicin.

Ana gobe jajiberi mata suka taru a gidan Nna Juhar, maƙwabciya, don murzan unguwa. Sanyi ya sauko daga dutse, an rufe ƙofa, an kunna murhu, akusa huɗu a ƙasa. Wiza ma ta zo, amaryar Lunis, wadda aka kawo a watan Agusta. Yarinya ce mai kunya, 'yar cikin gari, yanzu da cikin wata huɗu. Nna Juhar ta ɗebo abin da Wiza ta murza ta ɗaga wa haske, ta tambaya ko harsashi ne ake haɗa wa sojoji. Ta ce in Lunis ya ci wannan sai an kira makaniki. Wiza ta sunkuyar da kai tana murmushi, Malha ta ja akushin gabanta ta gyara.

Sai Nna Juhar ta juyo, kamar da wasa. "Ke kuma, Sakkura, bana nawa za ki kafa?"

"Ki zo ki ƙirga, tunda ba ki da aikin yi."

"Ni da nake da tara, shida a Kanada? Akushina ya zama kamar bushiya. Ni da tsoho muke zama muna kallon itatuwa."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Duk ɗakin ya san Dda Wali ya je gonar zaitun, domin a Tigilt ba a hawa tudu a ɓoye. Malha ba ta ɗago ba. Rariya na hannunta tana juyawa, ko da yake babu sauran gari a ciki.

A hanyar komawa gida ne lissafin ya faɗo wa Nna Sakkura. Bara cokali bakwai ta kafa: na tsoho, nata, na Zahwa da ke aure a Bijaya, na Bussad, na Fariza da ke aure a ƙauyen ƙetaren kwari, na Lunis, na Malha. Bana an ƙaru da Wiza, ya kamata su zama takwas. In ta cire na Bussad, bakwai ne dai. Hannun tsoho zai tarar da abin da ya saba tararwa, bakinsa zai jero sunayen da ya saba jerowa, domin amarya ba ta shiga jerin ba tukuna, yakan ma manta tana ɗaki saboda shirunta. Masu ido za su ga mutum takwas da cokali bakwai, su gane. Makaho zai kwana da ɗansa. Ta ga kamar Allah ne ya kawo mata mafita.

Da safen jajiberi ta ja Wiza gefe a kicin, ta ce mata cokalin da zai kasance a gabanta nata ne, ko wane suna Baba ya kira a kansa, ta bari sai an fara ci ta zare shi a hankali. Wiza ta ce to, Yemma. Ba ta tambayi dalili ba, kuma Nna Sakkura ta ɗauka ta gane.

Ranar ta tafi yadda take tafiya kowace shekara. Lunis ya yanka zakara a dokin ƙofa, jinin ya gangara kan dutse, Dda Akli na zaune yana ba da umarnin da babu mai buƙata. Ya ce a bar masa wuya, ya ce zakaran bara ya fi wannan murya, da alama wannan ɗan gwamnati ne. An share murhu an canza duwatsunsa. An jiƙa wake da busasshen naman layya tun daren jiya. Nna Sakkura ta haɗa miyar da kabewa da karas da albasa da sauran ganye har bakwai, babu barkono, babu abu mai ɗaci, don kada shekara ta ɗauko. Ta turara kuskus sau uku a madambaci, tana saukewa tana warware shi da man zaitun na bana, wanda har yanzu kore ne yana kama maƙogwaro. Malha ta kwaɓa ƙullun fanken safe ta rufe da bargo. Zahwa ta kira daga Bijaya, Fariza ta aiko da busasshen ɓaure. Kowa na aiki, kuma babu wanda ya kalli wani ido cikin ido.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma kusa da murhu. Nna Sakkura ta ɗauko cokulan itace daga cikin tulun da suke kwana shekara, ta ƙirga bakwai, ta mayar da sauran. Ta kafa su. Lunis ya bi su da ido, leɓensa na motsi, ya sake bi, sannan ya kalli uwarsa ya sunkuya. Malha ta zo da tukunyar miya, ta tsaya. Miyar ta ɗan zuba a hannunta, ta ajiye ta zauna.

Dda Akli ya gyara alkyabba, ya miƙa hannu ya sami gefen akushi.

"Nawa," ya ce, ya zare. "Na tsohuwa, ga shi, kada ki ce ban taɓa ba ki komai ba. Zahwa, Allah ya zaunar da ita. Bussad."

A nan ya tsaya kamar kullum. Ya riƙe kan cokalin da yatsu biyu, ya danna shi ya ƙara shiga, don kada ya faɗi. Cokalin na gaban Wiza.

"Allah ya dawo da shi lafiya. Fariza. Lunis, karɓi. Malha, 'yata, karɓi. Bismillah."

Aka fara ci. Nna Sakkura ta yi wa Wiza alama da ido. Wiza ta ɗaga hannu, ta kai rabin hanya, ta mayar da shi kan cikinta. Nna Sakkura ta sake yin alamar. Yarinyar ta girgiza kai kaɗan, fuskarta ta yi fari. Sai a lokacin tsohuwar ta gane kuskurenta. Ita lissafi ta yi, bakwai da bakwai. Ta manta cewa da zarar an kira suna a kan cokali ya zama na mai sunan, kuma babu mace mai ciki a duk tudun nan da za ta kai bakinta ga cokalin mutumin da kowa ya san ruwa ya ci, a daren da ake buɗe shekara. Ita kanta da tana da cikin Lunis ba za ta taɓa ba.

Suka ci gaba a haka, mutum huɗu na ci, ta biyar na zaune hannu a cinya. Lunis ya tura wa matarsa nasa a ɓoye, ta ƙi, domin miji ba zai zauna da yunwa a daren nan ba. Da an bar shi haka da wataƙila an wuce. Amma a wannan abinci ba a tashi sai kowa ya ƙoshi, wanda ya kwana da yunwa da ita zai yi shekara, kuma mai gida ne ke tambaya. Dda Akli ya tambayi Lunis, ya ce yana kai. Ya tambayi Malha. Sannan ya karkata kai, yana sauraro.

"Ina amarya? Ban ji cokalinta ba."

Ya juya fuska wajen da take zaune.

"Wiza, 'yata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

Ya buga cinyarsa yana dariya, ya ce subhanallahi, ya manta da ita ɗungurungum, ta yafe wa makaho. Ya ce amma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Matar da ke ƙirga wa bikin mutum ɗari uku ba ta taɓa kuskure ba, yau ta kasa ƙirga takwas a gidanta. Tsufa ya zo.

"Tashi, tsohuwa, ki kawo wa amarya cokali. Mutum biyu kika bari da yunwa, ba ɗaya ba."

Tulun na nan a bayanta, taku uku. In ta tashi ta ɗauko, gobe a bakin famfo za a ce takwas, Dda Wali zai sauka Azazga ya ba mai burodi haƙuri, kuma babu wanda zai zarge ta. Malha ma ba za ta ce komai ba, za ta wanke akushi ta soya fanke da safe. Nna Sakkura ta kalle ta. Yarinyar ta ajiye cokalinta, tana kallon wuta, ta riga ta shirya fuskarta don wata shekarar.

"Ban yi kuskure ba, Akli."

Rabonta da kiran sunansa a gaban yara har ta manta. Dariyar ta tsaya a fuskarsa.

"Bakwai na kafa, kuma bakwai na yi niyya. Wanda ka kira Bussad na Wiza ne."

Itace ya fashe a murhu. Tsohon ya miƙa hannu ya sake bin gefen akushi, ya wuce na Zahwa, ya tsaya a kan na gaba. Bai zare ba. Ya tambaya, a hankali, wa ya kawo labari. Ta ce babu kowa. Ya tambaya ko an kira daga wurin masu audugar nan. Ta ce a'a. Ya juya wajen da Lunis yake, ya ce ko an ga wani abu an ɓoye masa, riga, takalmi, takarda. Lunis ya rantse babu.

"To," in ji Dda Akli. "Teku ba ta faɗa ba. Hukuma ba ta faɗa ba. Uwarsa ce ta faɗa."

"Ni na faɗa."

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani. Ni na haife shi."

Ta so ta ƙara da maganar Malha, da shekarunta, da mai burodi, da gashin uwarta. Ba ta ƙara ba. Ya san duk wannan, a ƙauye ɗaya suka girma, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar uwar.

Ya zare cokalin. Ya riƙe shi a tafinsa wani lokaci, yana shafa bakin cokalin da babban yatsa, sannan ya miƙa shi sama-sama wajen da ya ji muryar Wiza, ya ce ta karɓa, itace ne kawai. Wiza ba ta motsa ba, hawaye na zuba. Hannun tsoho na nan a miƙe. Malha ce ta karɓa. Ta goge nata a gefen zanenta ta ba Wiza, ita kuma ta ɗebi kuskus da wancan ta kai baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake ɗiba.

Dda Akli ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. Wuyan zakaran da ya ce a bar masa na nan a gefe. Bai tambayi matarsa ko ta ƙoshi ba, kuma wannan ne karo na farko cikin shekara arba'in da bakwai. Ya ce Lunis ya kai shi ɗaki.

Da safe an soya fanke, an raba wa maƙwabta. Kafin hantsi Nna Juhar ta shigo da faranti, ba ta yi wasa ko ɗaya ba, ta riƙe hannun Nna Sakkura ta ce Allah ya ji ƙansa. Ita ce ta fara faɗar kalmar. Kafin azahar mata sun fara shigowa bibbiyu, suna zama a kicin, suna magana ƙasa-ƙasa, domin mai gidan na zaune a bakin ƙofa kuma babu wanda ya san ko a yi masa gaisuwa. Maza biyu da suka gwada, ya ce musu bai ji an yi rasuwa a gidansa ba. Dda Wali bai zo ba sai bayan kwana uku. Ya zauna kusa da Dda Akli a rana kusan awa guda, suka yi maganar zaitun da tsadar siminti, ya tashi ya tafi.

Liman ya ce zai yi sallar gawa ko babu gawa, in uban ya nema. Uban bai nema ba. Bai kuma hana komai ba. Da Lunis ya gaya masa lauya na son katin iyali, ya ce yana cikin akwati, ƙarƙashin takardun fili. Wayarsa dai na nan a aljihu, yana ba Lunis ya sa mata caji kowace yamma.

Abin da ya canza shi ne magana. Tun daga daren bai sake ce wa matarsa tsohuwa ba, bai kuma ce mata komai ba. In yana son ruwa sai ya ce, Wiza, ki ce mata ruwa. Allurar safe ta koma hannun Lunis. Abincinsa a kwano daban ake zuba masa, haka ya nema. Nna Sakkura ba ta yi gardama ba, ba ta kuma kai ƙara wurin kowa ba. Tana wanke masa alkyabba, tana cire masa ƙashi daga nama kafin a kai masa, ta tsaya a bakin ƙofa har ya gama.

Hukuncin kotu ya fito a ƙarshen watan Afrilu. Nna Sakkura da Lunis da Dda Wali suka sauka a motar safe, Malha ta zauna a gida, domin daga wannan rana takabarta za ta fara, kuma ta ce a ɗakin Bussad za ta yi ta. Ba a ɗauki minti ashirin ba. Alƙalin ya karanta sunan da ranar haihuwa, ya yi kuskure a sunan ƙauyen, magatakarda ya gyara masa.

Da suka dawo da la'asar Dda Akli na bakin ƙofa. Ya ji takunsu tun daga kwana, ya kira Wiza, wadda cikinta ya tsufa har tana tafiya da ƙyar.

"Ki tambaye ta ko an ba ta takarda."

Nna Sakkura na tsaye a gabansa, ta ce an ba ta.

"Ki ce ta ba ni."

Ta zaro ta daga ƙirjinta ta sa masa a hannu. Ya warware ta, ya shafa gaba, ya shafa baya, ya sami wurin hatimi ya tsaya a kai. Ya tambaya ko ita ke nan, falle ɗaya. Wiza ta ce ita ke nan, Baba. Ya ninke ta yadda take, ya miƙa, ya ce a kai wa Malha, tata ce.